Yadda Ake Shirya Karatun Dogon Jerin Littattafan Almara a Legas

Duk wanda ya taɓa riƙe littafi na farko daga cikin dogon jerin littattafan almara, irin waɗanda marubuci ke gina wa duniya ta daban mai masarautu da yaƙe-yaƙe da sihiri da tarihin kanta, ya san zumuɗin da ke zuwa da shi, ya kuma san yadda zumuɗin nan yake hucewa a littafi na uku ko na huɗu idan ba a yi masa tanadi ba. A Legas abin ya fi tsanani, domin mutumin da ya bar Agege ko Mile 12 bayan sallar asuba, ya yini a kasuwa ko a ofis, ya dawo gida bayan isha'i da gajiya a jikinsa, ba shi da wani lokaci a ajiye da ke jiran karatu. Duk da haka, jeri mai littattafai goma ko goma sha huɗu yana karantuwa a wannan gari, muddin an gina shirin karatun a kan sa'o'in da mutum yake da su da gaske, an tsaya a kan jeri guda, an kuma kiyaye zaren labarin kada ya tsinke.

Kafin a sayi ko da littafi ɗaya, ya kamata a san girman abin da za a shiga. Jerin The Wheel of Time na Robert Jordan, wanda littafinsa na farko ya fito a 1990, yana da manyan littattafai 14, ban da wani ƙarami mai ba da labarin abin da ya faru kafin farkon jerin, kuma kalmominsa gaba ɗaya sun haura miliyan huɗu. Idan mai karatu yana iya karanta kalmomi 200 na Turanci a minti ɗaya, kalmomi miliyan huɗu za su ci masa minti 20,000, wato kimanin sa'o'i 333. Wanda yake samun sa'a ɗaya kullum zai kai wata goma sha ɗaya, wanda kuma rabin sa'a yake samu zai doshi shekara biyu. Jerin Malazan Book of the Fallen na Steven Erikson littattafai goma ne da suka fito tsakanin 1999 da 2011, kalmominsu sun haura miliyan uku. The Lord of the Rings na Tolkien kuwa, wanda ya fito a juzu'i uku a 1954 da 1955, bai kai kalmomi rabin miliyan ba, saboda haka a wannan lissafin sa'o'i arba'in sun isa a gama shi. Kowa yana iya auna kansa cikin sauƙi: a zauna da littafin na minti goma da agogo a gefe, a yi karatu irin na yau da kullum ba tare da gaggawa ba, a ƙirga shafukan da aka ci, sannan a raba yawan shafukan littafin da wannan adadi. Abin da ya fito shi ne yawan zama na minti goma-goma da littafin zai ci, shi ne gaskiyar magana, kuma a kansa za a ɗora shiri.

Tambaya ta biyu ita ce ko marubucin ya gama labarinsa. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga wanda bai saba da dogon jeri ba, domin babu abin da ke kashe gwiwa kamar a ba labari shekara guda sannan a iske ba shi da ƙarshe. George R. R. Martin ya fitar da littafin farko na A Song of Ice and Fire a 1996, da farko da niyyar yin littattafai uku, daga baya shirin ya koma bakwai, na biyar ya fito a 2011, kuma tun daga lokacin masu karatu suke dakon na shida. Patrick Rothfuss ya fitar da littattafai biyu na jerinsa a 2007 da 2011, na uku ya bar mutane suna jira shekara da shekaru. Robert Jordan ya rasu a 2007 bai gama nasa ba, sai Brandon Sanderson ya kammala shi da littattafai uku bisa bayanan da marigayin ya bari, na ƙarshe ya fito a 2013, don haka wanda ya shiga wannan jerin yau ya san akwai inda zai sauka. Shi kansa Sanderson yana da jerin The Stormlight Archive da ya tsara zai kai littattafai goma; na biyar ya fito a Disambar 2024, kowannensu kuma ya haura shafi dubu. Ban ce kada a karanta jerin da bai ƙare ba, amma a shiga da sani, kuma zai fi kyau kada ya zama shi ne na farko.

Sai kuma dacewar littafin da mai karanta shi. Littattafan Martin suna da zubar da jini mai yawa da kuma bayanin saduwar maza da mata a fili, abin da Bahaushe da yawa ba zai so ya riƙe a cikin mota ko ya bari a falo inda yara ke shiga ba. Na Tolkien ba su da wannan, na Sanderson ma suna da kamun kai sosai ta wannan fuska. Erikson yana jefa mai karatu a tsakiyar yaƙi ba tare da ya yi masa bayanin wane ne wane ba, sai an yi nisa al'amura suke warwarewa, saboda haka bai dace da wanda Turancinsa ke buƙatar ƙamus a kowane shafi ba. Wanda yake so ya fara da abu mai sauƙin harshe yana iya ɗaukar littattafan Earthsea na Ursula K. Le Guin, waɗanda na farkonsu ya fito a 1968, gajeru ne kuma suna da zurfi. Akwai kuma na kusa da gida: Nnedi Okorafor ta rubuta jerin Akata mai littattafai uku a 2011 da 2017 da 2022, labarin yana gudana a Nijeriya, Tomi Adeyemi ta gama nata jerin mai littattafai uku tsakanin 2018 da 2024, ta gina shi a kan al'adun Yarabawa, waɗanda mazaunin Legas yake jin sunayensu kullum a bakin maƙwabtansa. Jeri mai littattafai uku ya isa ya nuna wa mutum ko yana da jimirin mai goma sha huɗu.

Shi mai karatun Hausa ma ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya tashi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, ko ya bi Magana Jari Ce har juzu'i na uku, ko ya yi jiran fitowar kashi na gaba na littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano, ya riga ya san daɗin tafiya ƙasar aljanu da ɗacin labarin da aka yanke a tsakiya. Bambancin da zai tarar shi ne yawan mutanen da ke cikin labarin da tsawon lokacin da marubuci ke ɗauka kafin ya biya bashin abin da ya ɗauko.

Idan an zaɓa, a tsaya a kan jeri ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma sunayen sarakuna da garuruwa na jeri biyu suna cakuɗewa a kai tun ba a je ko'ina ba. Abin da za a iya yi shi ne a saka gajeren littafi na wani fanni tsakanin babban littafi da mai bi masa, kamar littafin tarihi ko na Hausa wanda za a gama cikin mako guda, don kwanya ta huta.

Game da tsarin bin littattafan, hanya mafi aminci ita ce a bi su yadda aka buga su. Marubuci yakan rubuta labarin baya ne bayan ya ɗauka mai karatu ya riga ya san na gaba, saboda haka New Spring, wanda ya fito a 2004 yana ba da labarin abin da ya gabaci The Wheel of Time, ya fi daɗi ga wanda ya yi nisa a jerin. Discworld na Terry Pratchett ya fita daban: littattafai 41 ne da suka fito daga 1983 zuwa 2015, amma kusan kowanne yana da farkonsa da ƙarshensa, kuma sun kasu rukuni-rukuni bisa jaruman da ke cikinsu, don haka ana iya ɗaukar rukuni guda a gama a huta. Ga wanda aikinsa ba shi da tabbas, yau yana Apapa gobe yana kan hanyar Kano, irin wannan jeri ya fi sauƙin riƙewa.

Samun littattafan a Legas yana buƙatar dabara, musamman da yake sababbin littattafan waje sun yi tsada tun da darajar naira ta faɗi. Shagunan littattafai irin su Roving Heights da Jazzhole na titin Awolowo a Ikoyi suna sayar da sababbi, amma mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun biyan buƙata a wajen masu sayar da na hannu a Ojuelegba da Yaba da wajejen CMS, inda ake shimfiɗa littattafai a tebur ko a ƙasa. A nan sai an yi hattara. A ɗauki littafin a buɗe shi daga baya, a tabbatar shafukan ƙarshe suna nan, domin littafi mai kauri daga baya yake fara zubewa. A lanƙwasa shi a hankali a duba ko gam ɗin da ke riƙe da takardun ya bushe ya tsage; idan aka ga wani ƙullin shafuka ya ɗan fito ya fi sauran, to ya kusa ficewa. A shinshina, domin wanda ruwa ya taɓa yana da warin fumfuna ko da ya bushe, takardunsa kuma sukan manne da juna. A duba taswirar da ke gaba da jerin sunayen da ke baya, saboda a irin waɗannan littattafai su ne sandar mai karatu. Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane: bugun Ingila mai laushin bango yakan raba babban littafi gida biyu. An yi haka ga littafi na uku da na biyar na jerin Martin, an kuma yi ga littattafan The Stormlight Archive, saboda haka mutum yana iya biyan kuɗi ya tafi gida da rabin littafi bai sani ba. A karanta bangon da kyau a ga ko an rubuta kashi na ɗaya ko na biyu.

Ba na ba da shawarar a sayi jerin gaba ɗaya tun farko, ko da kuɗin yana nan. A sayi na farko da na biyu, idan an kai tsakiyar na biyu kuma har yanzu ana marmari, sai a fara neman na uku da na huɗu, a riƙa kasancewa da littafi ɗaya a gaba kullum. Yana da amfani a saba da mai sayarwa guda, a rubuta masa sunayen waɗanda ake nema da lambar waya, domin idan sabon kaya ya iso yakan ware wa wanda ya san zai zo. Kwafin da ake karantawa a waya ko a Kindle, wato na'urar karanta littattafai, yana magance matsalar nauyi da ta nema, kuma yana da ƙamus a ciki wanda ake taɓa kalma ya ba da ma'anarta. Waɗanda ake yaɗawa kyauta a WhatsApp da Telegram kuwa, ban da tauye haƙƙin marubuci da ke cikinsu, sau da yawa ana iske babi ya ɓace ko layuka sun hargitse, mai karatu ya yi ta zargin fahimtarsa alhali kwafin ne gurgu.

Lokacin karatu a wannan gari yana kan hanya. Wanda yake hawa manyan motocin bas na BRT daga Ikorodu ko Mile 12 zuwa cikin tsibiri, ko jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinjoji a Oktoban 2024 yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba, ko na Blue Line da ke zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2 tun Satumban 2023, yana iya buɗe littafi idan ya sami wurin zama. Danfo kuwa, wato ƙananan motocin haya na Legas, ba wurin karatun takarda ba ne: ga matsi, ga birki ba zato, ga kwandasta yana neman kuɗi, ga kuma hatsarin riƙe waya kusa da taga a cikin gosulo. A nan littafin saurare, wato wanda aka naɗi muryar mai karanta shi, ya fi dacewa, a sa iyafis a kunne ɗaya, a bar ɗayan don jin sunan tashar da ake kira, wayar kuma ta zauna a cikin aljihu. Naɗin muryar The Wheel of Time gaba ɗaya ya haura sa'o'i 400, wanda ke nufin mai yin sa'a biyu a hanya kullum, kwana biyar a mako, zai iya gama shi cikin shekara guda ba tare da ya taɓa lokacin iyalinsa ba. A sauke abin da za a saurara tun a gida ko inda ake da intanet mai ƙarfi, kada a dogara da data a kan hanya, a kuma tanadi fawa bank saboda rashin tabbas na wuta. Mai shago a Idi-Araba yana da nasa lokacin tsakanin azahar da la'asar idan ciniki ya lafa, mai gadi kuma yana da dare, amma shi aikinsa na buƙatar ido da kunne, don haka ya fi masa kyau ya bar karatun sai ya sauka.

Karatun dogon jeri kamar zubin adashi yake: wanda yake zuba ɗan kaɗan kullum ba ya jin nauyinsa, wanda kuma ya bari ya taru ya ce zai biya gaba ɗaya ranar Lahadi shi ne yake fita daga ciki. Shafi ashirin a kullum yana gama littafi mai shafi ɗari takwas cikin kwana arba'in. Ranar da gajiya ta yi yawa, a karanta ko da shafi biyar ne, don sunayen mutanen labarin su ci gaba da zama a rai. Yana kuma da kyau a riƙa tsayawa a ƙarshen babi, tun da yake marubutan nan sukan sauya jarumi da wuri daga babi zuwa babi, kuma komawa tsakiyar babi bayan kwana biyu yana sa a sake karanta abin da aka wuce.

A tanadi ƙaramin littafin rubutu, ko wani shafi a waya, wanda za a riƙa rubuta sunan duk wanda ya bayyana sau biyu ko fiye, da layi ɗaya a kansa: ɗan wane ne, wa yake yi wa biyayya, a ina aka bar shi. Idan an gama littafi, a zauna a rubuta rabin shafi da Hausa kan inda kowane babban jarumi ya tsaya da tambayoyin da ba a amsa ba. Rubutawa da Hausa yana tilasta wa mutum ya fahimci abin da ya karanta, ba ya kwafi jimlolin marubuci kawai ba. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne hatsarin intanet. Mai karatu ya manta wane ne wani kwamanda, ya rubuta sunansa a Google, kafin ya gama rubutawa sai injin ya cike masa da kalmar mutuwa ko cin amana, labarin littattafai biyar masu zuwa ya tonu a cikin daƙiƙa guda. Shafukan da masoya littattafan ke tattara bayani a kansu an rubuta su ne don wanda ya gama, haka ma bidiyoyin YouTube da sharhin da ke ƙarƙashinsu. Jerin sunayen da ke bayan littafin da ake riƙe da shi ya fi aminci, amma kada a leƙa na littafin gaba. Fina-finan da aka yi daga waɗannan labarai, kamar Game of Thrones da aka yi daga jerin Martin aka nuna daga 2011 zuwa 2019, sun sauya abubuwa da yawa, shi wannan ɗin har ya wuce inda littattafan suka tsaya, don haka a bar su sai daga baya.

Abokin karatu guda ɗaya yana taimakawa ƙwarai, da sharaɗin a yi yarjejeniya tun farko cewa kafin kowace hira sai an tambaya, “Malam, wane babi ka kai?”, wanda ke gaba kuma ya kame bakinsa a kan abin da ɗan'uwansa bai kai ba, har da yanayin fuska idan aka ambaci wani suna.

Kusan kowane dogon jeri yana da wurin da yake yin sanyi. Masu karatun The Wheel of Time sun daɗe suna kuka da littattafan da ke tsakanin na bakwai da na goma, inda mutane ke ƙaruwa labari kuma yake tafiyar hawainiya, sannan ya sake ɗaukar wuta daga na goma sha ɗaya. Sanin haka tun da wuri yana rage zafin abin. Idan an iso irin wannan wuri, a sauya hanya: wanda yake karatun takarda ya koma saurare, ya ɗan ƙara saurin muryar, ko ya rage yawan shafukan kullum har ya haye. Amma a bambanta sanyin tsakiya da rashin dacewa. Wanda ya gama littafi na biyu bai damu da ko jaruman su rayu ko su mutu ba, jerin ba nasa ba ne, ya ajiye shi ya ɗauki wani, ya mayar wa mai sayarwa da littattafan a yi musaya ya cika ɗan kuɗi.

A kuma sa watan Ramadan da tafiyar sallah a cikin lissafi. Yawancin masu karatu za su ajiye almara su koma ga Alƙur'ani da tafsiri, daga nan kuma ga tafiya gida Arewa da hidimar 'yan'uwa, saboda haka hutun yakan kai wata ɗaya da rabi. A yi ƙoƙari a gama littafin da ke hannu kafin ƙarshen Sha'aban, a rubuta taƙaitawarsa, kada a buɗe na gaba sai an dawo. Idan hutu ya riski mutum a tsakiyar littafi, to da ya dawo ya karanta abin da ya rubuta, ya koma baya babi biyu, ya ci gaba. Komawa littafi na farko don a tuna komai ita ce hanyar da ta fi saurin kashe shirin gaba ɗaya.

Adana littattafan ma yana da nasa sharaɗin, domin damshin Legas, musamman a ruwan Yuni da Yuli, yana sa takarda ta yi laushi, bango ya yi fumfuna, kyankyasai kuma su ci gam. Kada a ajiye su a ƙasa ko a jingine da bangon da ke tsatsafar ruwa, kuma kada a kulle su a leda na tsawon watanni. A ɗora su a kan kanta inda iska ke ratsawa, a riƙa fito da su ana kaɗewa idan rana ta buɗe. Wanda ake fita da shi kullum a sa shi a leda a cikin jaka saboda ruwan sama, a cire shi da an isa gida. Idan wani ya nemi aro, a ba shi littafin da aka wuce da aƙalla guda biyu, domin wanda aka gama yanzu za a buƙaci a leƙa shi yayin karanta na gaba, a kuma rubuta sunan mai aron da ranar da ya karɓa a cikin littafin nan na sunaye.